Takalman Kawu Ma'aruf Sun Yi Ritaya

Duk wanda ya taɓa cin ful, dafaffen waken Larabawa, a unguwar Mansur ta Makka ya san Kawu Ma'aruf, yayan mahaifiyata. Shi ne tsohon da in jirgi mai saukar ungulu ya gifta sai ya saki ludayi ya fito titi yana kallon sama, tukunya na ƙauri. Baƙi suna zaton tsohon soja ne. Mu 'yan gida mun san takalmansa ne suka yi soja, shi bai yi ba.

Takalman ma ba nasa ba ne, na kakanmu ne, na fata, waɗanda ya tako da su daga Sakkwato har Makka. Kawu yana saurayi ya samu dako a Mina lokacin Hajji, silifas ɗinsa ya tsinke, ya zuri na tsoho ba sallama. Ran nan aka sa su loda ruwa a wani ƙaton helikwaftan sojoji. Ya leƙa ya ga an shimfiɗa kafet saboda wani babba. To, wanda ya tashi a gindin Ka'aba ba ya taka shimfiɗa da takalmi, kuma ba ya barin takalmi a ƙofa. Ya cire, ya haɗa su, ya cusa can bayan wata kujera. Ya sauko ɗaukar katan na ƙarshe, jirgi ya tashi.

Har kakanmu ya rasu, in sun haɗa ido da Kawu ƙafarsa yake kallo. A jinyar ƙarshe Kawu ya yi masa alkawarin sai ya dawo da su.

Shekara arba'in da wani abu yana bin jirgin nan da baki. Ya haddace lambar wutsiyarsa. Duk sojan da ya zo cin ful sai ya ƙara masa man shanu ya tambaye shi. Wani ya ce a Ɗa'if yake, wani ya ce an mayar da shi Tabuk, wani ya rantse ya gan shi yana kwashe mutane a ambaliyar kudu. Matarsa Gwaggo Dalal ta ce takalman sun fi shi ganin duniya, kuma sun fi shi amfani.

Ni na gano jirgin, bara, a waya, ranar da aka kore ni daga shagon turare saboda latsa waya. An yi masa fenti ruwan ɗorawa an girke a wani wurin wasan yara a hanyar Jidda. Lambar tana nan.

Da la'asar muka isa. Mai gadi ya ce babba ba ya hawa sai da yaro. Kawu ya nuna ni da gemuna ya ce ga yaro nan, hankalinsa bai kai na ɗan yaye ba. Mutumin ya kalle ni sama da ƙasa ya buɗe mana.

A bakin tsani Kawu ya cire takalmansa sababbi. Na ce, "Kawu, ku riƙe su mana."

"Yi mini shiru, ya walad, yaro kawai. Shiga da su ne ya cuce ni."

Ya rarrafa bayan kujera, yara suna hawa gadon bayansa. Ya zaro kwalbar lemo, ya zaro tsumma, sannan ya zaro ƙafa ɗaya, ta hagu, ta bushe ta lanƙwashe kamar kilishi. Ya zauna da ita a cinya. Can ya karanta wa tsoho Fatiha, ya ce rabi dai ya samu, sauran Allah Ya yafe.

Muka sauko, babu sababbin takalma. Mai shara ya wuce da kurarsa.

Na ce ko mu fara bin tarihin kurar shara. Ya karɓe nawa ya saka, ni na taka kwalta har tasha, shi yana gaba rungume da ta hagu.