Ba Mu Ga Gada Ba, Adda Husna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah ya yi wa Adda Husna rasuwa a bakin rafin ƙauyenmu, kusa da Ba'awa. Ciwon ƙirji ya taso mata da hantsi, aka ɗauko ta za a kai ta asibiti a Kiru, aka tarar ruwa ya kawo. Ana jiran ya janye rai ya yi halinsa.

Adda, ke kika koya mini riƙe alƙalami ina da shekara arba'in da ɗaya. In na ce na gaji, sai ki ce, "Saude, hannun da ke kitso ne zai kasa jan layi?"

Ban manta taron mazaɓa na bara ba. Maza a ciki kan benci, mu a waje gindin darbejiya, kamar kullum. Aka fito mana da takarda da tawada, wai shaidar halarta ce. Ni na dangwala yatsana, don kunyar tsayawa karatu a gaban mutane. Ke kika karɓa, kika karanta da ƙarfi: wai matan ƙauyenmu sun ga gada an gama, sun gode. Kika shiga har gaban kansila kika ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mana ita, mu ma mu taka." Aka ce ba ki da kunya.

Kansilan nan ne jiya ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, yana cewa kwana ne ya ƙare. Mun sani, ba shi zai koya mana imani ba. Amma wanda ya rubuta gada a takarda ya bar rafi yadda yake, akwai ranar da zai amsa. Ni ma yatsana na kan takardar nan, abin yana cin raina.

'Yata Rufaida na da cikin wata takwas, damina kuma da saura. Duk sanda hadari ya haɗo, rafin nan nake tunawa. Don haka mu talatin da huɗu, ɗalibanki, mun rubuta koke, kowace ta sa sunanta da hannunta. Taron mazaɓa na ranar Asabar, a ciki za mu zauna.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Malam Ubale, maigidan Adda, kai da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, ka sauki Rufaida lafiya, ko rafi ya janye ko bai janye ba.