Faɗin Taya da Hannun Yayata

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma ni ne auta a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Gezawa da Zakirai. Da damina noma nake yi, in an samu sarari in hau babur in yi acaɓa, in kai mutane kasuwa in dawo da su. Ba na shaye-shaye, ba na faɗa, amma ina da ciwo guda, wato son a kalle ni. Babur ɗina kullum a wanke yake, ko riga ta yi datti ban damu ba in dai shi yana ƙyalli. To, a shekarar ne samarin tasharmu suka tsiro da yayin sa wa babur ƙatuwar taya a baya. Wai ta fi riƙe ƙasa a yashi, wai ta fi ɗaukar kaya. Gaskiyar magana gayu ne kawai, kuma ni ma gayun ne ya ja ni.

Na sayo tayar na kai wa bakaniken garinmu, wani dattijo abokin marigayi babanmu, wanda mu ma Baba muke ce masa. Ya juya ta, ya gwada, ya ce ba za ta zauna ba. Ya nuna min da yatsa cewa gefenta zai riƙa gugar murfin sarƙa, kuma babu yadda za a yi ta juya sai an cire murfin gaba ɗaya. Na ce to a cire mana, ai ƙarfen banza ne, ba ya ƙara gudu. Ya dube ni ya ce shi ba zai bar sarƙa tsirara a kan babur ɗin da ke ɗaukar mata ba, in kai wani wurin. Wallahi haushi na ji. A raina na ce tsufa ne ya kama shi, bai san zamani ba. Na tafi wajen wani a bakin titi, bai tambaye ni komai ba, ya kwance murfin ya jefar gefe, ya ɗaura tayar. Ranar sai da na zaga tasha sau uku ana yi min kirari.

Yayata, wadda ta goya ni bayan rasuwar Innarmu, tana aure a ƙauyen da ke gaba da namu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita take soya gyaɗar, ta kai inji, ta dawo ta tuƙa, ta matse tunkuzar da hannunta. Da wannan hannun take ciyar da 'ya'ya biyar, domin abin da mijinta ke nomawa ba ya kai su baɗi. Da kaka, ranar wata kasuwar Gezawa, ta aiko in zo in kai ta. Na ɗaure mata jarkar mai, ta hau da dogon hijabinta har ƙasa, irin wanda matanmu ke sawa in za su fita. Kowane ɗan acaɓa a nan ya san ƙa'ida, kafin ka tashi sai ka waiwaya ka ce wa mace ta tattara hijabinta. Na faɗa, ta tattara ta danne a cinya, da idona na gani. Amma hanyarmu siririya ce tsakanin gonaki, ga gargada, mutum dole ya saki wani abu ya riƙe wani. A wani kwari babur ya yi tsalle, ta saki hijabin ta dafe jarka, bakinsa ya sauka kan sarƙar da babu murfi.

Abin da na ji kawai shi ne babur ya fizge baya ya tsaya cak. Da na tashi daga ƙasa na gan ta kwance a cikin karan dawa, hijabin ya shaƙe mata wuya, idonta ya firfito. Wani manomi da ke girbi a kusa shi ya rugo da lauje ya yanke yadin. Allah Ya bar ta da rai, amma kafaɗarta ta dama ta goce, hannun ya karye wuri biyu. An kai ta wajen mai ɗori, daga baya asibiti. Ƙashi ya haɗu, hannu bai dawo ba. Yau ko muciya ba ta iya juyawa da shi, balle matse tunkuza.

Abin da ya fi ci min rai ba faɗuwar ba ce. Da dangin mijinta suka taru suna tambayar yadda aka yi, tun kafin in buɗe baki ta ce laifinta ne, ita ce ba ta tattara hijabi ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai na bar ta da laifin. Mijinta ya yi ta faɗa a gaban mutane, wai sakacinta ya jefa gida cikin wahala. Mata a garin suka mayar da ita abin misali, duk yarinyar da za ta hau babur sai a ce ta kula kada ta zama kamar wance. Ina ji, ina wucewa. Tun washegarin haɗarin na je a ɓoye aka mayar da tsohuwar tayar da murfin, don kada wani ya lura. Baba bakanike ya gan ni da babur ɗin bayan kwana biyu, gaisuwata ma da ƙyar ya amsa.

Sai da aka yi shekara biyu sannan na iya zama gabanta na faɗa mata gaskiya. Tana zaune tana nuna wa babbar 'yarta, wadda aka cire daga makaranta saboda sana'ar, yadda ake murza ƙuli-ƙuli. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Na sani, Auta. Tun kafin in hau na ga sarƙar a buɗe. Da na faɗa, da dangin mijina ba su bar ka ba.” Ta ci gaba da aikinta da hannun hagu. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba, kuma har yanzu abin bai sake ni ba.

Na koyi cewa duk ƙarfen da ke jikin babur da dalili aka sa shi, kuma wanda ke zaune a baya shi ke biyan kuɗin gayun wanda ke gaba. 'Yan'uwana masu acaɓa, in bakanike ya ce abu ba zai zauna ba sai an cire wani, ku haƙura da shi. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa a ranar da bakinku. Ni na bar mace mai karyayyen hannu ta ɗaukar min laifina, kuma a garinmu har gobe ita ake kira mai sakaci.