Ranar Da Kawu Ya Fi Masunta Sanin Teku

Shekarun baya, ina sabon zuwa Ankara ta bakin teku, muka sauka a zango kusa da Tudu, ni da mahaifiyata da ƙaninta, kawuna, mai fataucin goro. A lokacin babu inda jirgin ruwa ke matsowa gaɓa. Can nesa yake tsayawa, sai kwalekwale ya ratsa igiyar ruwa ya kai ka.

Inna na son zuwa Ikko ganin ƙanwata da ta haihu, Kawu kuma na da goron da zai kai can. Babbar damina ta ɗauke, gari ya yi sanyi, sai ya ce ga lokacin tafiya.

Tsohon da ke shugabantar matuƙan kwalekwalen, ɗan ƙabilar Ga, ya girgiza kai. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Maigida, nan damina biyu ne. Babba ya wuce, ƙarami na zuwa. Tsakaninsu teku yana fushi. Ka bari ƙarami ya wuce, ruwa zai kwanta. Kaya zan ɗauka, amma tsohuwa, a'a."

Kawu ya yi tsaki. "Ni da na ƙetare Kwara sau bakwai, masunci ne zai koya mini ruwa? Yaya, shiga kawai."

Ni kuwa, ƙato da gemu, na tsaya baki buɗe kamar rago. Kawu ya matsa wa tsohon har ya ɗauki Inna da goron, ni da Kawu muka tsaya a gaɓa muna jiran sahu na biyu.

Igiya ta uku ce ta kife su a kan idona. Matuƙan suka yi ta nutso har tsohon nan ya fito da Inna a kafaɗarsa, ruwan gishiri na zuba ta hancinta. Ina durƙushe ina jijjiga ta, sai ga Kawu, wanda ko ƙafarsa bai jiƙa ba, ya cafki tsohon. "Goron fa? Ina goron?"

Wallahi ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba. Na ce, "Yayarka ce kwance a nan! Yayarka!" Mutum uku suka ɓamɓare ni.

Inna ta rayu, amma da tarin da bai sake ta ba. Ba ta ƙara yarda ta kusanci ruwa ba, har ta koma ga Allah ba ta ga jikanta ba.

Na tsufa a garin nan. Duk baƙon da ya sauka wurina, kafin ya sha ruwa nake gaya masa: in teku za ka hau, jira bayan ƙaramar damina, kuma ka saurari 'yan ƙasa.

Da Kawu ya kwanta ciwon ajali ya nemi gafarata. Na ce na yafe, domin Inna ta roƙe ni tun tana raye. Shi kam na sallame shi. Wanda har yau nake jin haushinsa shi ne ƙaton nan da ya ji gargaɗi da kunnensa, ya kama hannun uwarsa ya taimaka mata ta shiga.