Bangon Shigifa

A shekarun da ake tara gyada dala-dala a bayan gari, ni ma gyada ta shigo mini gida a Gwammaja, ta kusa fitar mini da miji.

Da turmi ɗaya na fara. In soya gyada, in murje, in daka, in zuba ruwan zafi in yi ta juyawa har mai ya taso, tunkuzar kuma in murza ƙuli-ƙuli. Wata tsohuwa dillaliya ce take ɗaukar mini kwalaben. Ita ce ta dawo wata rana tana haki, wai masu tuwo da masu ƙosai na wajen tashar jirgi sun ce man nawa ba ya ƙauri, garwa-garwa suke so. Ni kuwa tun ina yarinya ban iya ganin aiki in kau da kai ba. Na aika wa matan maƙwabta su zo mu haɗa hannu.

To ga inda matsalar take. Duk matan aure ne, a kulle suke kamar ni, ba mai fita da rana tsaka. Sai su lulluɓa su shigo da duku-duku, ba kuma za su koma ba sai magariba ta rufa. Wuni guda tsakar gidana cike da matan mutane, sun yar da mayafi, sun yi ɗaurin ƙirji, lugude na tashi, gumi na zuba.

Malam, maigidana, baduku ne a kasuwar Kurmi. Tun da aka kawo ni gidansa azahar tamu ce. Ya dawo, ya yi salla, ya zauna a rumfa ya ci tuwo ina yi masa fifita. Ya ba ni labarin kasuwa, in ba shi na unguwa, mu yi ta gulma kamar ƙawaye. Ba mu da wata hira sai wannan, don shi da ya idar da isha'i barci ya kwashe shi.

Ranar da matan suka fara aiki ya yi sallama ya sa kai, ya gan su, ya juya da sauri har ya bugi goshi da ƙofa. Suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Daga ranar iyakarsa shigifa, ɗakin nan da ke tsakanin zaure da cikin gida, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakina. Sai ya yi gyaran murya, in miƙa masa akushi daga bakin ƙofa, in koma a guje don kasko na kan wuta.

Na ce, “Malam, ka shigo mana, sai su lulluɓa.”

Ya ce, “Matan mutane ne. Da ke ce a gidan wani da ɗaurin ƙirji, zan so ya ratsa ta gabanki?”

Gaskiyarsa, amma wallahi kunyar mutumin nan wani lokaci haushi take ba ni.

Da farko butarsa ce ta koma shigifa. Sai buzun sallarsa ya bi. Daga baya gyaran muryar ma ya fara tsallake kwanaki. Azahar na yi hannuna na kan kasko, kunnena na ƙofa. In leƙa, ba kowa, in dawo, in sake leƙawa. Tuwo ya huce a akushi, in raba wa matan.

Matar maƙwabcinmu na jikin katanga ce ta warware mini, tana daka, ba tare da wata manufa ba. Ta ce, “Yaya, ai Malam ya zama ɗan gidanmu. Tun da ina nan, can gidan ba kowa, sai su shimfiɗa tabarma shi da maigidana, su sayi ɗanwake a hannun 'yan talla, su yi barcinsu.”

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Mijina yana cin abincin talla a gidan wani, labarin Kurmi da yake nawa yana ba wani ƙato, ni ina nan ina tatsar mai don mutanen da ban taɓa gani ba.

Da matan suka watse na tare shi a shigifa kafin ya cire takalmi. Na ce, “In sallame su ne?”

Ya ce, “Ni ban ce ba. Kin san abin da sana'ar nan take yi wa gidajensu, da namu. Ina jin daɗi in an ce man gidana ne.”

Na ce, “To ni ban yarda da wannan zaman ba. Gida ɗaya muke, amma kewarka nake yi, Malam. A fasa bangon nan, a yi ƙofa daga nan zuwa ɗakina, ka riƙa shigowa ba ka ga kowa ba.”

Ya dafa bangon, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Babana ne ya gina shi da hannunsa.” Ya ɗauki buta ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya na addabi kowa. Na yi wa dillaliya tsawa a kan kwalba guda, na ƙona gyada kasko biyu, na kasa zama wuri ɗaya. Sau da yawa na ɗauki taɓarya na shiga ɗaki na tsaya ina harara bangon, sai in tuna na mahaifinsa ne, in fito. Abin da na iya yi kawai, na kwashe tasoshin jerena daga jikinsa na mayar ɗaya gefen. Ya gani da yamma. Ya dubi bangon, ya wuce.

Wata azahar ina tsaka da matsar tunkuza na ji wani bugu da bai bi lugude ba. Na saurara. Daga ɗakina yake fitowa. Na shiga da mai har gwiwar hannu, na tarar ƙasa tana zubowa, bakin diga yana leƙowa yana komawa. Ashe Malam ne, aron diga ya je ya yi, bai ko kira magini ba. Na tsaya ina kallo har rami ya buɗe, fuskarsa ta bayyana, gemu da hula duk jar ƙasa.

Ya yi sallama ta cikin ramin, a gidansa, sannan ya ce, “Da mutane?”

Na ce, “Ba kowa, ni kaɗai ce.”

Ya ƙara faɗaɗa wurin, ya shigo a sunkuye, ya zauna a bakin gado yana haki, ya tambayi akushinsa. Daga tsakar gida wata ta ƙwala mini kira wai ƙuli-ƙuli zai ƙone. Na ce su sauke, ai suna da hannu, na saki asabarin ƙofa, na ɗauko mafici. Ya wanke hannu, ya kai loma, ya ce, “Kin kuwa san abin da ya faru a Kurmi tun wancan watan?”