Baƙar Kazar Shulan

Guan Shulan ba ta iya zama ba, duk ƙauyen an shaida. Ko abinci a tsaye take ci, kwano a hannu, ido a kan akurki. Mijinta Tong Dehai yakan ce ranar da za a binne ta sai an danne akwatin da dutse, in ba haka ba za ta fito duba kaji.

Shekarar da 'yarta Yufen ta yi nauyi abin ya ƙaru. Mai jego wata guda take yi a ɗaka, abincinta kunun gero da dafaffen ƙwai, uwa kuma ita ke kai ƙwan. Wadda ta je gidan surukai da rabin kwando ta bar abin faɗi har jikan ya yi gemu. Shulan tana jera ƙwai a tulu cikin ƙaiƙayi. Ta rufe, ta dawo ta leƙa, ta sake rufewa.

Ana haka tunku ya tare a ƙarƙashin tarin karan masara, ɗan siriri mai ruwan ɗorawa. Ba a kashe shi, ba a ma kama sunansa. Babban Baƙo ake cewa, don tsofaffi sun ce wanda ya taɓa shi ya jawo wa gidansa bala'i har jikoki. Ga 'ya da ciki, wa zai gwada? Sai Shulan ta yi abin da ta ga uwarta tana yi: kowace safiya ta ajiye ƙwai ɗaya a bakin ramin, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ga naka. Ka bar min nawa."

"Kin yi sabon ango ke nan," in ji Dehai daga bakin ƙofa. "Ni da na aure ki, ƙwai nawa kika taɓa ba ni?"

"Kai me ka taɓa tsare min? Matsa, tsoho, ka tare min hanya."

Baƙo ya ci ƙwai ya ji daɗi, ya bi sawu har inda ake yin sa. Wata safiya ta buɗe akurki ta tarar da kaji biyu a sanƙame. Tsohuwar baƙar kazarta, wadda ta fi kowace ƙwai, tana rakuɓe a lungu, fatar wuya a yage har ana ganin nama.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta tafasa allura, ta zaro zare daga bakin bargo, ta wanke raunin da ruwan gishiri. Ta cusa kan kazar cikin tsohuwar safa don ta natsu.

"Riƙe min ita. Ba haka ba! Fikafikan za ka kama, kamar ba ka taɓa ganin kaza ba."

"Gani dai a kwano na saba," in ji shi, ya kama fikafikan.

Ta ɗinke fatar a hankali, yadda take ɗinke bakin aljihu. Ta kankaro baƙin gindin tukunya ta shafe wurin, don kaji in suka ga ja sai sun tsattsage 'yar'uwarsu. Ta sa ta a kwali a gefen gado, inda ɗumin murhu yake ratsowa, tana ɗiga mata ruwa da jiƙaƙƙen gero.

Daga nan ƙafarta ba ta huta ba. Ta lalube akurkin da yatsa, duk kafar da ta samu ta toshe da laka da fasasshen kwalba. Ta tafi gidan ƙanwar mijinta ta aro dinya, ƙatuwar agwagwar nan mai ihu, don an ce kashinta yana ƙona ƙafar Baƙo. Ko kashin ne, ko ihun ne, Allah masani, Baƙo dai ya tattara ya bar gidan ba wanda ya ɗaga masa hannu. Dehai kawai dinyar ta cafka a cinya.

Kaza ta tashi, ikon Allah. Wuyan ya ɗan karkace, tana kallon mutum a kaikaice, tana bin Shulan duk inda ta sa ƙafa. Ƙwai ne dai ta daina tun ranar, ko ɗaya.

Sai ga saƙo: Yufen ta sauka lafiya, namiji, amma nono bai zo ba, yaro yana ta kuka. Uwar mijin ta ce a haɗo da tsohuwar baƙar kaza a yi mata romo.

Shulan ta zaga akurki ta dawo. Sauran duk matasa ne, su ke cika tulu. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta ɗebo ruwa alhali randa a cike take. Dehai yana wasa wuƙa, wannan karon bai yi tsokana ba.

"Tsohuwa, ko in zaga maƙwabta?"

"A ce a gidan surukai 'yata da kazar aro ta yi jego?"

Ta sunkuya, kazar ta taho da kanta. Ta shafa wuyan, ta miƙa masa, ta juya wajen tulu.

"Ka yanka ta ƙasa da ɗinkin," ta ce. "Kada ka ɓata min aiki."