Atilin da na shuka a Sharaɗa

Shekarar da na fara aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, cikin Kano, mahaifiyata ta aiko mini da atili daga garinmu, can kudancin Kaduna. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, na barbaɗa gishiri, na kai wa abokan aiki. Wani ya gatsa ɗaya ya tofar, wai me muke ci a wannan abu. Haushi ya kama ni, na kwashe abina na zaga bayan ɗakin injin na cinye ni kaɗai. Ƙwallayen na tura su cikin ƙasa kusa da famfon da ma'aikata ke alwala, don nan ne kawai ƙasa ba ta bushewa.

Ƙwallon atili taurin kai gare shi. Sai da na fid da rai sannan guda ɗaya tak ya tsiro. Mai gadin ƙofar baya, wani dattijo mutumin Damagaram, ya tambaye ni ko magani ne. Na ce masa itacen kurmi ne, a garinmu sai hularka ta faɗi kafin ka hango ƙarshensa. Ya yi dariya, wai nan Kano ce, bazara za ta yi maganinsa. A ranar na rantse a raina ba zan bar garin nan ba sai na ci 'ya'yan itacen nan.

Na sha wahalarsa kuwa. Na kewaye shi da tsohon kwano saboda awaki, na yi masa rumfar buhu, na tare lambatun ruwan rini da ƙasa kada ya kai ga saiwarsa. Ran Lahadi in an tashi daga coci ba ni da wurin zuwa. Matata da yara suna can garinmu, ɗakina a Na'ibawa daga ni sai katifa da risho. Sai in hau keke in zo, Malam mai gadi ya buɗe mini, in zauna a gindin itacen. Da ya yi kauri nakan ɗan karce ɓawon, farin ƙaro ya fito, in shinshina in ji ƙanshin gidanmu. Kaɗaici ya ci ni a Kano, ba zan ɓoye ba.

Da aiki ya fara ja da baya ana sallamar mutane, matata ta yi ta aiko saƙo in dawo mu kama noman citta. Ni kuma in ce ta ƙara haƙuri. Ban taɓa gaya mata itace nake jira ba, ai sai ta ce na zare.

Itacen ya yi fure daga ƙarshe, ƙanana farare a kan rassa. Na kira Malam ya gani, har na yi masa gori. Furen ya kakkaɓe, ko ɗa ɗaya babu. Na ce na fari ne. Shekara ta zagayo, haka. Ta sake zagayowa, haka.

Ana nan aka kawo mahaifiyata Kano aikin ido. Da ta warke na kai ta ta ga abin da ƙwallonta ya zama. Ta ɗaga kai ta daɗe, ta tsinci furen da ya zube ta murza a tafin hannu.

"Namiji ne," ta ce.

Ta yi mini bayani kamar ƙaramin yaro, atili akwai mace akwai namiji, a gida suna da yawa a bakin rafi shi ya sa ban taɓa lura ba. Ko da mace ce ma, in ita kaɗai ce ba za ta haihu ba. Na ce to zan shuka masa mace. Ta ce ba a gane su a ƙwallo, sai sun girma sun yi fure, in ma an yi sa'a.

"Kana da wasu shekarun da za ka ba Kano? Ɗanka na fari ya fara aske gemu. Da ka zo Kirsimeti, gaisuwar baƙo ya yi maka, kai ba ka gani ba?"

Na gani. Na tsaya da bokiti a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai. Ruwan dai na riga na ɗebo, sai na zuba wa itacen.