Matashin Allurar da Inna ta Zaɓa

Shekarun baya, cikin alif ɗari tara da saba'in da 'yan kai, lokacin in ka fito ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi kana hango gonakin Tarauni, mahaifiyata tana ɗinki a gida da keken hannu. Ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya tashi a wancan zamanin ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana, sai dai "ke". Ba ta yaba mini a gaban mutane, a bayansu ma ban taɓa samun labari ba. Na saba, ban damu ba, sai da ƙanwarta ta rasu a ƙauye aka kawo mana 'yarta, tsarata. Sai ga Inna tana kiran sunan yarinyar nan har da lanƙwasa murya, tana ajiye mata ƙanzo, tana zaunar da ita kusa da keke. Na san marainiya ce, amma sanin bai rage mini haushi ba ko kaɗan.

Da damina ta faɗi allurai suka dami Inna. Waɗanda take sokewa a gefen tabarma su ɓace, na cikin gwangwani kuma su yi tsatsa. Ranar da Baba ya taka ɗaya zai fita masallaci, sai ta ce kowaccenmu ta ɗinka matashin allura, wanda ya fi shi zai zauna a kan keke. Ita da wasa ta faɗa. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, a ganina ranar za a san wace ce 'yar gida.

Na ratsa gonaki har Tarauni wajen gwaggona, na marairaice mata, ta ba ni ƙyallen karan-miski ja da audugar rimi irin ta matashin kai. Na cusa audugar, na ɗinke, ya yi tuɓus gwanin sha'awa. Inna na salla na ɗora shi a kan keke na juya don gwaji. Girgizar kawai ta sa ya yi ta rarrafe har ya faɗo, don ba shi da nauyi. Na yi tunanin tsakuwa, na ga za ta dakushe bakin allura. Can dabara ta faɗo mini: gero. Ga nauyi, ga allura tana ratsa shi sumul. Na ɗebo daga wanda za a yi kunu da shi, na farke gefe na ɗura, na bi baki da zaren kala. Rannan har tafiyata ta canza.

Ita 'yar'uwar tawa yashi ta ɗebo a kwarin da ruwa ke bi. Ta wanke, ta shanya, ta tankaɗe da rariya, ta ɗinka masa 'yar jaka ta sa a ƙasa. Abin da ta cusa a sama ban gani ba, don ɗaki ta shige ta juya baya. Ƙyallen ma na tsohon zanenta ne da ya koɗe. Da ta fito da shi sai ka ce ƙullin daddawa, na yi dariya har da riƙe ciki.

Inna ta ɗauki nawa ta jujjuya ta ce, "To, ba laifi." A wajenta wannan babban yabo ne, har na fara washe baki. Sai ta ɗauki ɗayan, ta soka allura ta zare, ta kai shi hanci. Ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta ajiye shi a kan keke. Na ce ai nawa ya fi kyau, kowa yana gani. Ta ce in je in duba wuta.

Nawa aka ajiye a bakin taga. Feshin ruwa ya riƙa samunsa, bayan 'yan kwanaki sai ga koren tsiro yana leƙowa ta ramukan allura. Baba ya ce a ƙyale shi, ƙila mu sami dami ɗaya da kaka. Kaji ne suka rufa mini asiri, suka ja shi bayan ɗaki suka ƙarasa. Na 'yar'uwar tawa kuwa yana nan zaune daram, allurai suna fitowa daga cikinsa suna sheƙi. Duk juyin keken nan a zuciyata nake jin sa.

Wata safiya ina goge keken sai na ga wani baƙin sili ya leƙo ta bakin ɗinkin. Na ja a hankali, sai ga gashin mutum. A gidanmu in an yi kitso ba a barin gashi a ƙasa. Tattarawa ake a cusa a tsagar katanga, don kada wani ya ɗauka ya kai inda za a yi wa mutum aiki. Nan take lissafina ya fita: ashe gashin Inna yarinyar nan ta tsinta ta haɗa mata asiri, shi ya sa ake kiran sunanta ana ajiye mata ƙanzo. Wallahi daɗi na ji, na ruga madafa da matashin a hannu na zayyana wa Inna komai.

Inna ta sa na kira 'yar'uwar tawa. Yarinyar na ganin silin ta durƙusa ta fara hawaye. Ta ce na Innarsu ne. Ita ta yi mata kitson ƙarshe tana kwance, da ta tattara gashin ta je bakin katanga sai ta kasa cusawa, ta ƙulle a bakin zane ta taho da shi. Ta ce Innarsu ba ta fara ɗinki sai ta goga allura a kanta, shi ne ta ga in an sa shi a ciki allura ba za ta yi tsatsa ba.

"Tun ranar na gane," in ji Inna. "Man shanu da kanumfari. Ƙanwata kaɗai ke shafa wannan haɗin a kai."

Ta mayar da silin da bakin allura, ta ɗinke wajen, ta ce kada wadda ta bari Baba ya ji, don zai ce a binne. Sannan ta miƙo mini allurar ta ce, "Ke, sa mini zare, ba na gani sosai." Ido ne ya cika mata da ruwa, ni kuma na sunkuyar da kai na sa.

Za ku ce daga ranar kishin ya wuce. Bai wuce ba, wuri ya sake. Ni na yi ta yi wa Inna kitso har ta yi furfura, kuma duk silin da ya zuba na tattara na cusa a katanga kamar yadda aka koya mini. Daga baya aka rushe katangar aka sa bulo. Da Allah Ya yi mata rasuwa keken ya zo hannuna, matashin kuwa ba wanda ya tsaya tambayar na waye.

Yanzu 'yar'uwar tawa tana Darmanawa da jikokinta, kuma ba ni da aminiya kamarta. In na je nakan ɗauko matashin in kai hanci. Ni ba na jin komai sai tsohon ƙyalle, ita kuwa ta rantse har yau tana jin kanumfarin. Ita da ta kasa bin ƙa'ida tana da uwarta a tafin hannu. Ni da na bi, ko sili ɗaya ban rage ba, kuma har gobe ina jin haushinta.